BIJIMI ƊAYA KO KARSANA BIYAR? Cinikin 'Yan Ƙwallo Daga Amurka Zuwa Wuro Patuji

Duk wanda ya taɓa kwana a Mubi a lokacin da kulob-kulob na Turai ke cinikin 'yan wasa, ya san irin gardamar da ake tafkawa a unguwar Wuro Patuji bayan sallar isha'i. Unguwa ce da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da na sauran makarantun garin ke kama haya, saboda haka teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo ba su rabuwa da samari masu baki. Gardamar kuwa kullum guda ce, sunaye kaɗai ke sakewa. Shin kulob kaza ya zube kuɗinsa duka ya sayo gwani ɗaya wanda duniya ta sani, ko kuwa ya raba kuɗin ya kwaso yara huɗu ko biyar waɗanda ba a san su ba tukuna?

Na zauna na saurari wannan gardama ba sau ɗaya ba, abin da na lura kuma shi ne mutumin Mubi ya riga ya san amsarta tun kafin talabijin ta zo. Garin nan yana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, inda ake koro dabbobi daga Kamaru da Chadi, a loda su a mota zuwa Kudu. Ko sunan unguwar ma, watau "wuro", kalmar Fulatanci ce mai nufin gari ko mazaunin makiyayi. To, a tambayi kowane makiyayi a kasuwar nan ko zai ba da karsana biyar don ya karɓi bijimi ɗaya na gani na faɗa. Ba zai amsa ba sai ya tambayi abin da ke cikin garken. In garke cike yake da shanu, bijimi kaɗai ya rasa, lalle ciniki ya yi kyau. In kuwa karsanan nan biyar su ne dukan abin da mutum ya mallaka, to zai koma ruga da bijimin da ba shi da abin barbara, baɗi war haka ba maraƙi ba nono.

INDA AKE SAYEN GABAN LAYI

Babu inda wannan tambaya ta fito fili kamar ƙasar Amurka. Can suna da wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, a rungume ta a ruga ko a jefa wa abokin wasa, 'yan wasan kuma sanye da hulunan kwano. Babbar gasarsu, wadda ake kira NFL, tana da kulob 32. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda suke raba sababbin 'yan wasa. Ba a barin mai kuɗi ya je jami'a ya yi wa yaro tayi a gefe. Kowace shekara wajen ƙarshen watan Afrilu, sai a tara sunayen samarin da suka buga wa jami'o'i, kulob-kulob su yi layi, kowa ya ɗauki ɗaya, a zagayo har sau bakwai. Wanda ya zo na kashin baya a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓe, zakaran gasa kuwa shi ne na ƙarshe. Manufar ita ce a tallafi mai rauni, kada ƙarfi ya taru a gida ɗaya.

An fara wannan tsari a 1936 bisa shawarar Bert Bell, mai kulob ɗin birnin Philadelphia. Abin dariya, mutumin farko da aka zaɓa a tarihin tsarin, Jay Berwanger, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba, don ba su daidaita kan albashi ba. Ta irin wannan hanya ce Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, ya zama na farko a zaɓen ƙwallon kwando na 1984, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Ta nan kuma Christian Okoye, ɗan Inugu, ya shiga kulob ɗin Kansas City a 1987.

To, gurbin da kulob ke da shi a layin nan dukiya ce, ana kuma cinikinsa. Kulob da ke na 20 a layi, in ya hango wani yaro da ya tabbata ba zai kai gare shi ba, yana iya zuwa wajen na 5 ya ce a ba shi wurin. A madadin haka sai ya ba da nasa gurbin, ya ƙara da wasu guraben na zagayen baya, sau da yawa har da na baɗi da na shekarar gaba. Wannan shi ne sayen gaban layi, kuma ba shi da bambanci da ba da karsana a karɓi bijimi. Bambancin kaɗai shi ne makiyayi yana iya duba haƙorin bijimin ya shafa tozonsa, alhali kuwa yaron jami'a ba wanda ya taɓa ganin ya kara da manya. Cinikin biri a sama ke nan.

Bari mu duba yadda abin ya kasance ga waɗanda suka gwada. A 1999 mai koyar da kulob ɗin New Orleans, Mike Ditka, ya ƙwallafa rai a kan wani yaro mai gudu, Ricky Williams. Don ya tashi daga na 12 zuwa na 5, sai ya miƙa wa kulob ɗin Washington dukan gurabensa shida na wannan shekara, ya ƙara da biyu na shekarar 2000. Gurbi takwas a kan mutum ɗaya! Yaron ba rago ba ne, amma ba shi da mataimaka. A kakar nan New Orleans ta ci wasa 3, aka cinye ta 13, aka sallami Ditka, shi kuma Williams shekara uku kaɗai ya yi ya koma Miami. Ita Washington ɗin da ta ci ribar wannan ciniki, sai ga shi a 2012 ta faɗa ramin da ta ga wani ya faɗa. Ta ba da gurabenta na zagayen farko na shekara uku a jere, da ɗaya na zagaye na biyu, don ta tashi daga na 6 zuwa na 2 ta ɗauki Robert Griffin. Shekarar farko ya yi abin a zo a gani, sa'an nan gwiwarsa ta samu rauni a watan Janairu na 2013, bai kuma sake komawa yadda yake ba. A 2016 aka sake shi.

Amma kada mai karatu ya ɗauka kullum asara ake yi. A 2017 kulob ɗin Kansas City ya tashi daga na 27 zuwa na 10, ya ba Buffalo gurbinsa, da ɗaya na zagaye na uku, da na zagayen farko na 2018, ya ɗauki Patrick Mahomes a matsayin madugu mai rarraba ƙwallo. Wannan yaro ya kawo musu kofin Super Bowl a 2020, bayan shekara 50 rabonsu da shi, ya sake a 2023 da 2024. Masu son sayen gwani kullum wannan misali suke kawowa, suna kuwa da gaskiyarsu. Sai dai akwai abin da suke tsallakewa. Kansas City ta ci wasa 12 cikin 16 a kakar da ta gabaci cinikin, tana da ƙwararren mai koyarwa, Andy Reid, tana kuma da madugu mai aiki, Alex Smith. Saboda haka Mahomes ya share kusan shekara guda a benci yana koyo, wasa ɗaya tak ya buga. Garken cike yake, bijimi kaɗai aka je nema. A wannan zaɓe ɗin dai, Chicago ta ba da gurbi uku don ta matsa taki ɗaya kacal, daga na 3 zuwa na 2, ta ɗauki Mitchell Trubisky, ta bar Mahomes a ƙasa. Bayan shekara huɗu suka rabu.

Wasu malaman jami'a biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya sami lambar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓen shekaru masu yawa. Suka gano cewa in aka ɗauki ɗan wasa aka gwada shi da wanda aka zaɓa bayansa a irin matsayinsa, sau 52 cikin 100 ne kaɗai na farkon ke fin na biyun. Watau da kaɗan ya ɗara jefa kwabo sama. Duk da haka kulob-kulob suna biyan tsada mai yawa don su matsa gaba, saboda kowane shugaba yana ganin idonsa ya fi na kowa. Tom Brady, wanda ya ci kofin nan sau bakwai, shi ne na 199 a zaɓen shekarar 2000.

DARASIN LEICESTER

A ƙwallon da muka sani babu layin zaɓe, kuɗi ke magana. Amma tambayar tana nan, kuma misalin da ya fi kusa da mu ya shafi ɗanmu ne. Leicester City ta ci gasar Ingila a 2016 da mutanen da ta tsinto da araha. Jamie Vardy fam miliyan ɗaya ta saye shi daga Fleetwood a 2012, Riyad Mahrez bai kai rabin miliyan ba daga Le Havre, N'Golo Kante kuma bai kai miliyan shida ba daga Caen. Da kofi ya zo hannu, kuɗi suka shigo, sai ta shiga kasuwar manya. Ta sayi Ahmed Musa daga CSKA ta Mosko a kan fam miliyan 16 da 'yan kai, ta sayi Islam Slimani a kan kusan miliyan 30, alhali Kante, wanda shi ne ginshiƙin tsakiya, ya tafi Chelsea.

Ba mai cewa Ahmed Musa bai iya ba. Mutumin da ya jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake jefa wa Iceland biyu a 2018, ba ya bukatar shaidar kowa. Amma aikin da ya fi iyawa, watau gudu a bayan 'yan baya, shi ne aikin da Vardy ke yi. An sayi bijimi an kai garken da ke da bijimi, an bar ɓarakar da ke tsakiya. Ƙwallo biyu kaɗai ya ci musu a gasar lig, kulob ɗin ya ƙare na 12, aka kori Claudio Ranieri a watan Fabrairu na 2017, shi kuma Musa aka mai da shi Mosko aro a 2018. Sayen da ya yi musu rana shi ne na Wilfred Ndidi daga Genk a Janairun 2017, domin shi ne ya toshe ramin da Kante ya bari.

MU KOMO GIDA

Yanzu mu dubi namu. Yawancin kulob-kulob na gasar ƙasar nan mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma al'adar da aka saba gani ita ce, da kakar wasa ta ƙare a sallami 'yan wasa rututu, a kwaso wasu rututu daga nesa, musamman waɗanda suka taɓa yin suna a wani wuri. Kuɗin da aka ware sai su tafi a kan sa hannu da albashin manyan watanni uku na farko, kafin tsakiyar kaka a fara jin koke-koken bashi. Ƙaramin kulob na matasa kuwa, in ma akwai shi, sunansa kaɗai ke cikin takarda. Wannan ma sayen gaban layi ne, sai dai abin da ake bayarwa a nan kuɗin rainon yaran gida ne.

Adamawa United ta hau rukuni na ɗaya a 2019. Kakar farko annobar korona ta katse ta, ba a saukar da kowa ba. A kaka ta biyu, wadda ta ƙare a 2021, kulob ɗin ya zo na ƙarshe, ya koma ƙasa tare da Jigawa Golden Stars da Warri Wolves da Ifeanyi Ubah. Ya kamata a yi wa kulob ɗin adalci, domin nisan Yola da sauran filayen wasa kaɗai ya isa ya cinye kasafi, ga kuma hatsarin hanya. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka tare motar 'yan wasan a hanyar Benin zuwa Ore suna tafiya Ikko, suka tafi da direba. Amma abin lura shi ne uku daga cikin huɗun da suka faɗi tare suka hau a 2019. Hawa ba wuya, zama ne aiki, kuma ba ɗan wasa ɗaya, kome gwanintarsa, da zai riƙe kulob ɗin da ba shi da masu canji a benci.

A gwada da Kano Pillars a zamanin da take tashe. An kafa ta a 1990, ta ci gasa a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka, sa'an nan ta ci gasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ƙarfinta a lokacin shi ne 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, waɗanda suka daɗe tare har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. Shi kansa Ahmed Musa yana yaro ɗan shekara 17 ya zo daga Jos, ba wanda ya san shi, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, kafin ya wuce VVV Venlo ta Holan. Karsana ce aka raina har ta yi nono. Na baya-bayan nan kuma shi ne Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, wadda Kunle Soname ya gina mata filin wasa da makarantar yara mai suna Beyond Limits. Ta zo ta biyu a 2023 da 2024, ta ɗauki kofi a 2025.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Sayen gwani mai tsada daidai ne ga kulob ɗin da ya riga ya tsaya da ƙafafunsa, wanda mai koyarwarsa zai iya nuna wuri ɗaya da yatsa ya ce nan ne ke yoyo, kuma wanda in cinikin ya ɓaci ba zai hana sauran 'yan wasa albashi ba. Kulob ɗin da ke fafutikar hawa ko gudun faɗuwa, kamar yawancin namu na Arewa maso Gabas, ba ya cikin wannan sahu. Shi yawan hannu yake bukata, domin in masana da ke da na'urori da hotunan kowane wasa ba su wuce 52 cikin 100 ba, ina ga shugaban kulob da dillali ya kawo wa labari a otal? Wanda ya ɗauki yara goma yana da damar dacewa sau goma.

GURABEN DA MUKE BAYARWA KYAUTA

A ina yaran suke? Suna nan a filayen makarantun firamare da kangayen unguwanni irin su Wuro Patuji, suna buga ƙwallo da yamma cikin ƙura. Garin nan ya ga tashin hankali. A wannan unguwa ce aka kashe ɗalibai da dama a daren 1 ga Oktoba na 2012, bam ya tashi a Kabang ran 1 ga Yuni na 2014 ya hallaka masu kallon ƙwallo, a ƙarshen Oktoban shekarar kuma garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, sai a watan Nuwamba aka ƙwato shi. Yaran da aka goya aka gudu da su a wancan lokaci, su ne yanzu suka kai shekarun da ake gane ɗan ƙwallo. Tsakaninsu da Yola tafiyar kilomita wajen 200 ce, ta Hong da Gombi da Song, kuma kuɗin man motar da zai kai mai duba 'yan wasa can ya komo da shi bai kai albashin mako guda na baƙon ɗan wasa ba.

Akwai kuma wata doka ta hukumar FIFA da ya kamata kowane mai riƙe da kulob ɗin unguwa ya haddace. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka raine shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran takwas ɗin kowace tana da rabin kashi ɗaya. Mu yi lissafi. Kulob ɗin da ya riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17 yana da kashi 2 cikin 100. In aka sayar da yaron a kan yuro miliyan ɗaya, rabonsa yuro 20,000 ne, in kuma aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa a kan miliyan goma, rabonsa 200,000 ne. Ba sau ɗaya ake biya ba, duk sa'ad da aka yi irin wannan ciniki sai an cire. Mai karatu ya tuna Victor Osimhen daga wata ƙaramar makarantar ƙwallo ta Ikko ya fito, mai suna Ultimate Strikers, kafin ya ci ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, har Napoli ta saye shi daga Lille a kan wajen yuro miliyan 70 a 2020.

Sai dai dokar tana da sharaɗi, a nan kuma muke faɗuwa. Dole kulob ɗin ya kasance yana da rajista da hukumar ƙwallo, dole kuma sunan yaron ya shiga littafi a shekarun da ya yi a wurin. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe ofishi a birnin Paris wanda ke karɓar kuɗin ya raba da kansa, kuma abin da yake dubawa shi ne takardar tarihin ɗan wasa da ke cikin na'ura, ba shaidar mai unguwa ko hoton da aka ɗauka a fili ba. Yaron Wuro Patuji da ya shekara biyar yana buga wa kulob ɗin unguwarsu ba rajista, ranar da dillali ya ɗauke shi zuwa Kaduna ko Abuja ko Ikko, daga can takardarsa za ta fara, can kuma kuɗin za su tsaya.